Ranar da Na Buɗe Hannuna

Ni mutum ne mai zuciya, kuma tsufa bai sa na fara ɓoye wannan ba. A ƙauyenmu, kan tudun da ke tsakanin Dogon Dutsi da Sukukutane, tun ina saurayi an san ba a maimaita mini magana. Na taɓa fasa wa mutum baki a kan akuyar da ba tawa ba ma. A filin kokowa na karya wa wani yatsa bayan an riga an raba mu, makaɗa sun ajiye ganga. Mutum ɗaya ne yake iya tsayar da ni, wato wana da muke ciki ɗaya. Shi ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Sai ya zo ta bayana ya ɗora mini hannu a wuya ya ce, "Ya isa, mu je gida," ni kuma in bi shi ina huci.

A zamanin aikin dole aka kwashe mu tare, ni da shi, aka kai mu aikin hanyar mota. Marmara muke sara, mu cika kwando, mu ɗauka a ka, mu zube, mu komo. Gardin da aka ɗora a kanmu, wato ɗan sandan Turawa, ɗan garinmu ne. Darni ɗaya ya raba gidan uwarsa da namu, kuma tare suka yi kiwon awaki da wana. Da muka gan shi da jar hula da dorina har mun yi murna, mun ce namu ne. Ashe mu za mu fi kowa shan wuya, don kada Kumandan, Baturen mulki, ya ce yana sassauta wa mutanen garinsu.

Wana ya kamu da gudawar jini. Ran nan ya ajiye kwando ya shiga daji, ya komo, ya sake ajiyewa. A karo na uku gardin ya tare shi, ya sa aka ɗaure shi a jikin gawo da rana tsaka, ya tuɓe masa riga. Ban san yawan bulalar ba, ban ƙirga ba. Na dai ga bayansa ya buɗe, jini yana bin ƙafafunsa tare da abin da cikinsa ya kasa riƙewa, a gaban mutane. Na yi kansa, mutum huɗu suka danne ni a ƙasa. Da gardin ya gama, ya zo inda nake kwance ya juya gindin dorinar ya buga mini a baki, haƙora biyu suka fita. Wana ya yi kwana uku ya rasu a hanya, muna ɗauke da shi a gadon kara za mu gida. Da muka rufe shi na ɗebi ƙasar kabarin na sa a bakina, na rantse a gaban innarmu cewa da hannuna zan kashe mutumin nan.

Mu azna ne a lokacin, masu bin al'adar kakanni. Bayan shekaru kaɗan na kai innarmu garin Geceme neman maganin ido, a can na haɗu da wani malamin bishara, Bahaushe daga tsallaken iyaka, ɗan siriri mai yawan dariya. Daga baya ya zo ya zauna a garinmu, ya yi bukkar addu'a a bayan gari. Ba zan ja labarin ba. Na ji maganar Yesu Almasihu, ta shige ni, na ba da gaskiya da zuciya ɗaya, ni da matata. Da ƙarshen damina aka yi mana baftisma a tafki.

Amma ga wautar da na yi. Mu mun saba da wankan magani. Idan mutum yana da wata cuta ko iska ta taɓa shi, boka yakan jiƙa saiwa ya yi masa wanka, a ce an wanke abin ya tafi. To ni haka na ɗauki baftisma, wanka ne irin wancan, sai dai ya fi ƙarfi. Na fito daga tafkin nan ina cewa shi ke nan, zuciya ta bi ruwa. Shekara uku ban taɓa kowa ba. Na riƙa tsayawa ranar Lahadi ina ba da shaida, ina nuna giɓin bakina ina cewa, "Ku dube ni, ni da nake cin mutane ɗanye, yau ɗan rago ne." Malam yakan yi murmushi kawai. Gaskiyar ita ce, a shekaru ukun nan babu wanda ya taka ni da gaske.

Da aka kashe aikin dole, aka sallami gardawa da yawa. Wata Lahadi muna cikin waƙa sai ga mutum ya sunkuyo ta ƙofar bukka, ya rame, ba hula, ba takalmi. Sai da ya zauna na gane shi, gardin nan ne. Malam ya ce mana wannan ɗan'uwa ne, ya tuba a Dogon Dutsi, an yi masa baftisma, ya komo gida. Ban jira an ce amin ba. Na fita na zaro ƙotar hauya daga rumfa, na tsaya a bakin ƙofa. Yana fitowa na sauke masa ita a gefen kai. Ya faɗi, na bi shi da duka, a haƙarƙari, a baya, duk inda na samu. Kunnensa ya tsage ya rataya. Bai ɗaga hannu ya kare kansa ba, wannan kuwa ya ƙara hasala ni. Mata suna ihu, matata ta riƙe mini ƙafa ina jan ta a ƙasa. Sai da ƙotar ta karye na tsaya.

Da la'asar na je wurin Malam, jinin mutumin bai gama bushewa a rigata ba.

"Malam, ruwan nan bai kama ni ba. A sake mini."

"A sake mi?"

"Baftisma. Wataƙila ba ka nutsar da ni sosai ba."

Bai yi dariya ba ran nan. Ya tashi ya ce in biyo shi, ya kai ni gonata da ke kusa, ya nuna mini sabara da ta tsiro ko'ina.

"Gonar wa ce wannan?"

"Tawa."

"Bara ba ka sassabe ta ba?"

"Na sassabe."

"To ga sabara. Gonar ta daina zama taka ne don sabara ta komo?"

Sai ya ce ranar da na ba da gaskiya, Almasihu ya karɓe ni gaba ɗaya, wannan an gama, ba a maimaita shi. Amma tsarkakewa aiki ne da Ruhu Mai Tsarki yake yi a cikin mutum har ranar da za a rufe shi, kuma mutumin yana sa hannu a aikin, kowace shekara, kowace safiya. Ya ce saiwar tana ƙasa, ni ne na ga fili ya yi fes na ce babu ita. Sa'an nan ya hana ni cin Jibin Ubangiji sai na nemi gafarar wanda na daka.

Na yi wata huɗu ina cije. Daga baya kunya ta ishe ni, kowa yana karɓar gurasa ni ina zaune a baya kamar baƙo. Na je na tsaya a gaban jama'a na ce wa gardin ya yafe mini. Ya ce shi ne mai neman gafara, ya fara maganar wana, na ce masa a bar wannan. Aka yi addu'a, aka sa muka ci tuwo a akushi ɗaya. Na koma gida ina cewa a raina, to, yanzu na yi sassabe na biyu, an gama. Kun ji irin kaina.

Rijiyar garinmu mai zurfi ce ƙwarai, ta fi gaba ashirin, an huda dutse kafin a kai ruwa. Kowace bazara, idan ruwa ya ja baya ya zama laka, akan yashe ta. Al'adar ita ce, kowace shekara gida ɗaya ne yake ba da mutumin da zai shiga, ana bi da bi. Wanda zai shiga shi ne yake zaɓar mai kan igiya da bakinsa, a gaban kowa, kuma wanda aka zaɓa ba ya ƙi. Wajen fitowa mutane da yawa ne suke ja. Amma wajen zurawa mutum ɗaya ne tak. Akan kafa turke mai kauri nesa kaɗan da bakin rijiya, a naɗa igiyar sau ɗaya a jikinsa, mai kan igiya ya zauna ya dafe ƙafa, yana sakinta kaɗan-kaɗan. Hannu biyu a kan aikin nan rikici ne, shi ya sa ake barin mutum ɗaya. Kusan kullum wanda kuka sha nono ɗaya ake zaɓa.

Bazarar da ta biyo, layi ya zo kan gidan su gardin. 'Yan'uwansa suka ce shi zai shiga, tun da ya yi shekaru yana yawo da jar hula wasu suna shiga a madadinsa. Sun riga sun juya masa baya, saboda aikin da ya yi da kuma addinin da ya ɗauko. Da safe gari ya taru, har Fulani da shanunsu suna jira daga gefe. Mai tsafin gari ya kawo baƙar akuya ya yanka wa doguwar rijiya, wato iskar da aka ce tana zaune a ciki, ya zo zai shafa wa gardin jinin a goshi kamar yadda aka saba. Gardin ya ja da baya ya ce shi ba ya so, yana da mai tsaronsa. Aka yi gunaguni. Mai gari ya ce, "To, ranka ne. Wa zai riƙe maka?"

Ya dubi 'yan'uwansa, suka dubi ƙasa. Sai ya juyo ya nuna ni.

"Ƙanena zai riƙe."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ƙanensa? Ni? Bakin da ya ba da umarni a ɗaure wana shi ne yake kirana ƙane a tsakiyar gari. Na ga masu bi suna gyaɗa kai suna jin daɗi, Malam yana kallona. Azna kuma suka yi tsit, don duk sun san rantsuwar da na yi a kan kabari. Na je na zauna a bayan turke, na tofa yawu a tafin hannuna, na kama igiya.

Aka ɗaura masa ita a ƙugu da cinyoyi, ya juya baya ya zura ƙafa. Kafin kansa ya ɓace na ga tabon kunnen da na tsaga. Na fara saki. Gaba ɗaya, gaba biyu, gaba biyar. Igiyar tana kuka a jikin turke, nauyinsa duka yana cikin hannuna, ina jin duk motsin da ya yi. Ban taɓa sanin mutum yana da sauƙin kashewa haka ba. Ba sanda, ba wuƙa, ba wanda zai ce ga abin da ka yi. Ina cikin saki sai na ga bayan wana a jikin gawo, na ji ɗanɗanon ƙasar nan a bakina.

Ba zamewa ta yi ba. Ba gumi ba ne, ba turke ba ne. Na rubuta wannan ne musamman don in faɗi haka. Ya kai kamar gaba goma sha biyu, na buɗe hannuna, ina sane.

Igiyar ta ruga. Turken ya yi hayaƙi. Na ji ƙarar gardin daga ciki, ƙara ɗaya, sa'an nan na ji jikinsa ya bugi dutse. Abin da ya biyo baya kuwa ban san yadda zan faɗe shi ba, don ban yi shawara ba, ban yi addu'a ba, ban tuna da wata koyarwa ba. Na dai ga hannuwana sun rufe a kan igiyar tana gudu. Ta ci fatar tafina, ta ci nama, ta fizge ni daga zaune ta maka ni a jikin turke, kafaɗata ta goce. Ban sake ba. Na naɗe ta a damtse na kwanta a kanta ina ihu, sai mutane suka farga suka faɗo mata.

Da aka jawo shi, ƙafarsa ta dama tana lilo, ƙashin cinya ya huda fata ya fito fari, kwankwasonsa ya murƙushe a jikin wani dutse da ya turo daga bangon rijiyar. Saura gaba biyu ko uku ya kai ƙasa, da kuwa kansa ne zai fara isa. Yana numfashi. Ni kuma da aka ɓamɓare yatsuna daga igiyar, fatar ta tafi da ita, ana ganin farar jijiya. Aka kwantar da mu a rumfa ɗaya, maɗori yana ja masa ƙafa yana suma yana farfaɗowa, mata suna shafa mini man kaɗanya suna naɗe hannuwan da tsumma.

Ban buɗe baki na yi ƙarya ba, mutane ne suka kawo tasu da kansu. Azna suka ce doguwar rijiya ce ta fizgi igiyar, don ya ƙi jininta. Masu bi suka ce, to, ko ma wace iska ce ta ja, ai ga wanda ya fi ta ƙarfi, tun da ya sa mutum ya ba da hannuwansa saboda wanda ya kashe masa wa. Labari ya tafi har Geceme da Dogon Dutsi. Gida biyu suka shigo bangaskiya a wannan shekara, suka ce abin da suka gani a bakin rijiya ne ya kawo su. Wani Bature mai bishara ya zo a kan doki, ya kama hannuwana yana juya su, idonsa ya kawo ruwa. Idan yaro ya yi faɗa, uwarsa takan ce ya je ya dubi tafin hannuna. Ni kuwa ina karɓa, ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Kuma don in faɗi gaskiya duka, yabon yana yi mini daɗi.

Gardin ya rayu, amma bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba. Yana jan jiki da hannu a tsakar gida, yana saƙar tabarma. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya faru sai ya ce, "Ƙanena ya riƙe ni." Damina biyu muka yi a haka. Na daina cin abinci sosai. Idan aka miƙo mini gurasar Jibi sai in ci ta da ƙyar. Na fara yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ran nan har na ɗaga mata hannu, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan hannun da ake zuwa kallo?" Na sauke shi na fita.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da Malam ya ce ikilisiya ta yi shawara za a naɗa ni dattijo. Ya ce a cikinmu babu wanda aikin Ruhu ya bayyana a kansa kamar ni. Na ce ya ba ni kwana biyu. Washegari da hantsi na shiga gidan gardin. Yana zaune a inuwar rumbu, kaba a jiƙe a gefensa, ƙafar nan ta shanye ta zama kamar sanda. Ban gaishe shi ba, na durƙusa.

"Igiyar nan ba zamewa ta yi ba. Ni na sake ta."

Bai daina saƙa ba.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Wanda yake rataye ya fi kowa sanin hannun da ke sama. In igiya ta zame, takan yi tsalle, ta kama, ta zame. Wannan sakinta aka yi gaba ɗaya."

Raina ya ɓaci, ku ji fa, ni da na zo neman gafara. Na ce, "To don mi ka yi shiru shekara biyu kana kallona ana yabona? Kuma don mi ka zaɓe ni tun farko, kai da ka san abin da na rantse?"

Sai a lokacin ya ajiye kabar. Ya ce, "Don ka sake ni na zaɓe ka."

Ya ce tun ranar gawon nan bai sake samun sukuni ba. An gaya masa Almasihu ya yafe masa, ya kuma gaskata, amma kullum ya ga innarmu tana lallube da sanda za ta rijiya sai ya ji ba shi da ikon shan ruwan garin nan. Da na dake shi da ƙota ya yi fatan in ƙarasa. Da layi ya zo kan gidansu sai ya ga hanya ta samu, ni in cika rantsuwata, shi ya huta, kowa ya ce doguwa ce. Ya ce, "Na ɗora maka kisan kai a wuya, na kira ka ƙane don kada ka iya ƙi. Wannan ma zunubi ne, kuma nawa ne. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ka sake kamawa. Na yi wata shida a kwance ina jin haushinka saboda ka kama."

Muka zauna, ba mai kallon wani. Kaji suna tono a gabanmu. Ban rungume shi ba, shi ma bai miƙo hannu ba.

Daga nan na wuce wurin Malam na gaya masa duka. Fuskarsa ta faɗa, don shi ma ya yi wa'azi da hannuwana ba sau ɗaya ba. Sai ya ce, "Buɗewar taka ce, kada ka ɗora wa Shaiɗan ko doguwa. Rufewar kuwa, kai da bakinka ka ce ba ka yi shawara ba. To ka gode wa wanda ya rufe, kada ka sa ta a aljihunka." Na ce ashe dai ban canza ba. Ya ce, "Mutumin da na sani a Geceme, da ya buɗe ba zai rufe ba, kuma da ba zai zo nan yau ba. Amma kada ka sake ce mini an gama."

Ranar Lahadi na tsaya na faɗa a gaban jama'a. Gardin ya sa aka ɗauko shi, shi ma ya faɗi nasa. Abin bai yi kyau ba, kada wani ya ce muku ya yi kyau. Wata tsohuwa ta tofa mini yawu. Ɗaya daga cikin gidaje biyun nan suka koma wurin mai tsafi, ba su sake komowa ba har yau, kuma wannan yana wuyana. Azna suka yi ta dariya a kasuwa, ko da yake mai tsafin bai ji daɗi ba, tun da an ƙwace wa doguwarsa aikin da ake yaba mata. Ba a naɗa ni dattijo ba, ba a kuma sake tayar da maganar ba har na tsufa.

'Yan'uwan gardin kuwa, waɗanda suka ƙi riƙe masa igiya, sai ga shi sun tuna jininsu ne. Su uku suka tare ni a hanyar gona da sanduna. Na farko ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido. Ina so in ce muku na tsaya kamar ɗan rago, amma na rama sau ɗaya, na naushi babbansu ya zauna a ƙasa da hanci a fashe. Da na ga ya faɗi, na ji daɗin nan na dā yana tasowa, sai na zauna ni ma a tsakiyar hanya na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya. Suka yi ta dukana har suka gaji, suka karya mini haƙarƙari biyu. Mai gari ya so a kai maganar gaban Kumandan, a sa ni a kaso, wato kurkuku, saboda rijiyar. Gardin ya ce in an kira shi shaida ba zai je ba, maganar ta mutu a nan.

Da na warke, ba wanda ya sa ni, na fara nome masa gona tare da tawa. Kuma da yake bukkar addu'a tana bayan gari, shi kuwa ba ya iya zama a kan jaki saboda kwankwason, sai na riƙa zuwa kowace Lahadi da safe ina goya shi. Nakan durƙusa a ƙofarsa, ya jawo jiki ya saƙala hannuwansa a wuyana, in tashi da shi. Shekara goma sha huɗu muka yi a haka kafin ya rasu. Mutane suka so su fara wani sabon yabo, na ce duk wanda ya yabe ni zan fasa masa baki, suka ga alamar zan iya, suka bari.

Kada ku ce ƙauna ce ta cika mini zuciya ta sa nake yi. Wata Lahadin nakan tashi lafiya, mu tafi muna hirar gero da ruwan sama, har ya ba ni dariya, don mutum ne mai ba'a idan ya sake. Wata Lahadin kuwa, da na ji numfashinsa a bayan kunnena, da hannuwan nan a maƙogwarona, sai komai ya komo sabo, in ji ba abin da nake so kamar in miƙe tsaye in sake shi ya faɗi a kan duwatsu. Mun yi alkawari ni da shi ba za mu sake ɓoye wa juna irin wannan ba. Saboda haka nakan faɗa masa, muna cikin tafiya, ana jin waƙa ta fara a bukka.

"Yau ba na ƙaunarka ko kaɗan. Yau ji nake kamar in yar da kai."

Sai ya gyara riƙonsa a wuyana ya ce, "Na ji, ƙanena. Yi a hankali, akwai rami a gabanka."